Yadda ake ɗaukar gutsuren fata daga gyambon ƙyandar biri mai tsanani

A jikin mai ƙarfin garkuwa, ƙurajen ƙyandar biri kan yi ruwa, su yi ɓawo, su zube cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma wanda cuta mai karya garkuwar jiki ta ci ƙarfinsa, har ƙidayar CD4 (ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta) ta sauka ƙasa da 200, lamarinsa daban ne. Ƙurajen sai su haɗe su zama gyambo mai baƙin ɓawo, ya riƙa cin nama yana faɗaɗa har watanni. A nan ne likita ke buƙatar gutsuren fata, domin a san ko ƙwayar ƙyandar birin ce kaɗai ke ɓarna ko wata cutar ta shigo ta sami wuri.

Kafin a yanki komai, a fara da gwajin PCR, mai gano ƙwayar cutar. A goga tsinken gwaji mai kan roba da ƙarfi a kan ƙuraje biyu daban, a ajiye cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Kada a fasa ƙurji da allura. Ma'aikatan lafiya sun kamu ta wannan hanyar, kuma gogawar ta wadatar.

Sai yankan. Mai ɗauka ya sa riga, safar hannu, takunkumi da tabarau. A kashe wurin da allurar kashe zafi ta lidokain, sannan a murza ƙarfen huda mai faɗin milimita 4 har ya kai kitsen ƙarƙashin fata.

Wurin da aka huda shi ne komai. Ido yakan tafi tsakiyar gyambon, inda ya fi muni, alhali can mataccen nama ne zalla. Mai duba gilashi, wato likitan da ke binciken naman a ɗakin gwaji, ba zai ga komai ba sai ruɓaɓɓen abu, ya rubuto cewa samfurin bai isa ba, mara lafiya ya sha ciwo a banza. A nemi bakin gyambon, inda ya ɗan tasa ya yi ja, a haɗo da ɗan lafiyayyar fata. A ɗaga gutsuren a hankali, don matsi da hantsaki yana murƙushe ƙwayoyin halittar da ake son gani.

Gutsure biyu ake so. Ɗaya a jefa shi nan take cikin fomalin (ruwan hana nama ruɓewa) mai kashi 10, wanda yawansa ya ninka naman sau goma aƙalla, ya kwana ya wuni a ciki. Kada a daskarar da shi, ƙanƙara na yaga naman. Ɗayan a sa shi a kwalba mai tsabta, babu fomalin, don gwajin wasu ƙwayoyin cuta. A lokacin hunturu, minti kaɗan a kan faranti sun isa gutsure ya bushe kamar kilishi. Idan daga Daura za a kai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a ɗaure murfi sosai, a yi ƙunshi hawa uku.

A ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, ƙwayoyin saman fata kan kumbura kamar balan-balan, wasu su haɗe su zama guda mai cibiya (ɗigon tsakiyar ƙwaya) da yawa. A cikin ruwan jikinsu, ba a cikin cibiyar ba, ana ganin jajayen ɗigo da ake kira ƙullutun Guarnieri. Wannan ne ke taimakawa wajen raba ƙyandar biri da ƙarambau da danginsa, waɗanda nasu ƙullutun ke cikin cibiya. A mai raunin garkuwa, mutuwar naman ba ta tsayawa a sama. Tana nutsawa ta bi saiwar gashi da mafitar zufa, ƙananan jijiyoyin jini su kumbura su toshe, abin da suke ciyarwa ya mutu. Shi ya sa huda mai zurfi ta zama dole.

Takardar da ke raka samfurin ma ana yawan yi mata riƙon sakainar kashi. A rubuta wurin da aka yanka, kwana nawa da fitowar ƙurajen, ƙidayar CD4, da ranar da aka fara maganin cuta mai karya garkuwa. Gyambo na iya ƙara muni makonni kaɗan bayan fara maganin, sa'ad da garkuwa ke farfaɗowa, kuma mai duba gilashi ba zai yi wannan tunanin ba sai ya ga ranar a rubuce.