Ƙananan kalmomin Turanci da ke cinye kuɗin sababbin zuwa Ingila

'Yan uwa sababbin zuwa, Turancin da kuka taho da shi daga gida zai ishe ku hira da sayayya, amma takardar haya da ta biza wani abu ne daban. Abin da ke kayar da mutanenmu a nan ƙananan kalmomin nan ne da ake sawa gaban suna: a, the, some, any, all, each. Muna da likitoci da malaman jami'a a garuruwan ƙasar nan waɗanda ake alfahari da su, sai ga sabon zuwa ya sa hannu a takarda bai karanta ba, wai ai ya ci Turanci a WAEC.

Matakin farko ba ya buƙatar dogon bayani. Kalmomin "a" da "an" sauti suke bi, ba harafi ba: "an hour", "a university", "an NHS number". The kuwa na abin da ku biyu kuka riga kuka sani ne, kamar yadda muke cewa "motar ta iso". Ana cewa "the UK", amma "Nigeria" ba ta ɗaukar komai. 

A mataki na tsakiya ku yar da "informations", "advices" da "furnitures" da muka saba ji a gida. Waɗannan ba a ƙirga su, sai dai a ce "some advice" ko "a piece of furniture". Ku kula da "a" ɗin da ke gaban "few" da "little". Wanda ya ce wa likita "I have little pain" ya nuna kusan ba ya jin ciwo, alhali so yake ya ce akwai ɗan ciwo, wato "a little pain".

Inda ake zubar da hawaye shi ne wajen mai gida. Talla ta ce "bills included", mutum ya ɗauka komai a ciki yake. "All bills" daban, "some bills" daban, wanda aka bari haka kawai kuma tarko ne. Ku sa a lissafa muku a rubuce: gas, wuta, ruwa, intanet, da harajin ƙaramar hukuma da ake kira council tax. Shi wannan na ƙarshen ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci ba ya biyan sa, amma ma'aikaci yana biya, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Idan dillali ya ce "a deposit", ku tambaye shi wanne. Akwai kafin alƙalami na riƙe gida, wanda dokar 2019 ta hana ya wuce hayar mako ɗaya. Akwai kuma "the deposit", babban kuɗin ajiya, wanda ba ya wuce hayar mako biyar idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya kuma ba ku shaida.

Masu haɗa gida da abokai, ku duba ko an rubuta "each tenant" ko "the tenants". Idan kun sa hannu a takarda ɗaya kuma ga "jointly and severally liable" a ciki, to ranar da ɗayanku ya tattara kayansa ya koma Manchesta, mai gida na iya bin ku hayar wanda ya tafin gaba ɗaya. "Any damage" kuma ya haɗa har ƙonuwar dutsen guga a kafet, don haka ku ɗauki hoton kowane ɗaki ranar shiga, ku gwada da jerin kayan da aka ba ku kafin ku sa hannu.

Fom ɗin hukuma ma haka yake. "Any one of the following" takarda ɗaya ce daga jerin, "all of the following" dukansu, "one from each list" kuwa ɗaya daga kowane jeri. Wanda ya kai biyu daga jeri guda ya bar ɗayan jerin, ko dai a mayar da shi gida ko a ƙi buƙatarsa, kuma kuɗin neman biza ba a cika dawo da shi ba idan an ƙi.