Yadda ake kai 'yan firamare gidan tarihi su dawo da wani abu a ka

Yawancin ziyarar da makarantu ke kaiwa gidan tarihi salonta ɗaya ne. A cika mota biyu da yara, a sauke su a bakin ƙofa, a jera su sahu. Jami'in gidan ya shige gaba yana zuba sunayen sarakuna da shekaru, na kusa da shi su ji rabi, na baya suna tsunkulin juna. A fito a ɗauki hoto, a sha lemo, a koma. Washegari in an tambayi yaro me ya gani, sai ya ce tsofaffin kaya. Inda aka yi sake tun a makaranta ne, kafin ma a hau mota. Zan kafa misali da Gidan Makama na Kano, amma tsarin zai yi wa malamin da ke shirin zuwa gidan tarihi na Katsina, ko na Kanta a Argungu, ko na Boubou Hama a Yamai.

Ku fara zuwa ku kaɗai

Mako biyu ko uku kafin ranar, malamin ajin ya je da kansa. Gidan Makama yana daf da fadar Sarkin Kano, kuma yana ƙarƙashin hukumar gwamnatin tarayya mai kula da gidajen tarihi. Ku nemi jami'in da ke karɓar makarantu, ku tambaye shi kuɗin shigar ɗalibai, da yawan yaran da ɗaki ɗaya zai ɗauka, da inda ban-ɗaki yake, da inuwar da za a zauna a ci abinci, da ko an yarda a ɗauki hoto. Ku roƙi a yi wa yara bayani da Hausa. Ko da makarantarku ta masu ji da Turanci ce, ɗan aji biyu ba zai ji daɗin labarin Sarkin Kano Rumfa da harshen da yake fama da baƙaƙensa ba. Daga nan shugaban makaranta ya rubuta wasiƙa a hukumance da rana da lokaci da adadin yara.

Ku zaga ɗakunan a natse da littafi a hannu. Abin da kuke nema shi ne abubuwa biyar ko shida da za ku tsayar da yara a gabansu. Sauran duk wucewa za a yi.

Ku zaɓi tambaya guda

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuwa ke ɗauke da ziyarar. Gidan Makama ya tattaro tarihin kusan shekara dubu: zuwan Bagauda, ginin ganuwa, zamanin Rumfa, jihadi, yaƙin basasar Kano, shigowar Turawa a 1903. Babban mutum ma ba zai kwashe wannan a safiya ɗaya ba, balle yaro. Don haka ku tafi da tambaya ɗaya tak, wadda yaro zai iya samo amsarta da idonsa.

'Yan aji ɗaya zuwa uku, tambayar gida ta fi kama su: kafin a sami roba da wutar lantarki, da me ake ɗebo ruwa, da me ake haska ɗaki, a kan me ake kwana? 'Yan aji huɗu zuwa shida za su iya ɗaukar abin da ya fi haka nauyi: me ya sa Kanawa suka kewaye garinsu da ganuwa, kuma wa ake hanawa shiga? Tambayar nan kaɗai za ta kai su ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da makamai, da hotunan badala, har ta kawo su ranar da sojojin Ingila suka shigo birnin. Wanda ya zo da tambaya neman amsa yake yi, ba ya tsayawa kallon rufi.

Ku ba da labarin tun a aji

Kwana biyu kafin tafiya ku ware darasi ɗaya. Ku faɗa musu cewa gidan da za su shiga an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da sarakunan Kano ke zaune a cikinta har yau, shi kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Yaron da ya taɓa raka mahaifiyarsa Kurmi nan take zai miƙe zaune.

Sai dai 1463 ba ta da wata ma'ana a kan ɗan shekara bakwai. A wurinsa ita da bara duk "da can" ne. Ga dabarar da na fi so: ku fito da yara ashirin gaban aji su riƙe hannun juna. Na farko shi ne yaron yau, na kusa da shi babansa, na gaba kakansa, haka har na ashirin. A ƙiyasce, na ƙarshen nan shi ne wanda ya ga Rumfa da idonsa. Za ku ga sun juya suna leƙa ƙarshen layin.

A darasin ne kuma za ku kafa doka: ba a taɓa kaya sai jami'i ya ba da izini, ba a jingina da gilashi, ba a cin abinci a ciki. Ku gaya musu dalili, cewa gumi da maiƙon hannu na lalata tsohuwar fata da tsohon saƙi. Yaro ya fi kiyaye dokar da ya san dalilinta.

Iyaye

Ku aika takarda gida, a sa hannu a dawo da ita. Akwai iyayen da in suka ji gidan tarihi sai ransu ya ba su wurin gumaka ne, ko kuma su ji an ambaci Barbushe da Tsumburbura su ja baya. Kada ku yi musu dariya, kada kuma ku ɓoye. Ku bayyana cewa labari ne na yadda mutanen Dala suke kafin Musulunci, da yadda Wangarawa suka zo da addini a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Ku gayyaci uwa biyu ko uku su zo rakiya. Batun kuɗi kuwa, in har akwai yaron da za a bari a aji don babansa bai biya ba, gara ƙungiyar iyaye da malamai ta cike giɓin tun da wuri, cikin sirri.

Ranar tafiya

Ku fita da sassafe, ku kauce wa Juma'a da watan azumi da makon jarrabawa. Kowane babba ɗaya ya riƙe yara kamar goma, da sunayensu a rubuce. A ƙirga su wajen hawa mota, wajen sauka, da wajen fitowa. A tafi da isasshen ruwa. Ranar 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, kuma gidaje da yawa kan shirya wa makarantu wani abu, amma a Kano lokacin zafi ne mai tsanani da cunkoso, don haka ƙananan yara sun fi sakewa a ranar da ba kowa.

A cikin gidan

Kada ku yi saurin shiga. Ginin kansa shi ne abu na farko da za a kalla. Ku tsayar da su su dubi kaurin bango, su ɗaga kai su ga zankwaye, in an shiga zaure su ga yadda aka jera azara a rufi. Ku tambaye su me ya sa ciki ya fi waje sanyi alhali babu fanka. Ku bar su su yi ta gardama, amsar za ta fito daga bakin ɗaya daga cikinsu.

A gaban kowane abu cikin biyar ɗin nan da kuka zaɓa, ku roƙi jami'in ya dakata tukuna, yara su fara magana. Da me aka yi shi? Wa kuke jin ya yi amfani da shi? Me ya maye gurbinsa a gidanku yau? Bayan sun yi hasashensu sai jami'in ya gyara ya ƙara. Wasu jami'an ba su saba da haka ba, shi ya sa yake da kyau ku yi wannan maganar da su tun a zuwanku na farko. A ɗakin amarya 'yan mata ne za su karɓe zancen, don da yawansu sun taɓa ganin jere a ɗakin kakarsu. A wurin kayan kiɗa kuwa, ku tambayi wanda ya taɓa jin kakaki ko algaita a hawan sallah ya kwaikwayi sautin, a yi dariya a wuce.

Kowane yaro ya riƙe fensir da takarda, ya zaɓi abu ɗaya ya zana shi. Ba kyan zane ake nema ba. Wanda zai zana takobi dole ya dubi ƙotarsa da kubensa da kyau, wannan kallon shi ne darasin. Awa ɗaya ta ishi ƙanana. Da kun ga an fara zama a ƙasa ana tambayar yaushe za a ci abinci, ku fito ko da saura ɗakuna.

Bayan an dawo

Washegari, tun abin bai huce ba, a liƙa zanunnukan a bango, kowa ya faɗi abin da ya zana da amsar da ya samo wa tambayar ajin. Sannan ku ba su aikin gida: kowa ya tambayi kakarsa ko kakansa tsohon abu ɗaya da ke ɗakinsu, mazari ne, ko tsohuwar tasa, ko fitilar aci-balbal, ko kwabo mai huji, ya ji labarinsa. Wanda aka yarda ya aro, ya kawo. Ku jera su a kan tebur, kowane abu da 'yar takarda mai sunansa da amfaninsa, yaran da kansu su yi wa 'yan sauran azuzuwa jagora. Ku rubuta kowane abu da sunan gidan da ya fito a littafi, ku kulle su a ofishin shugaban makaranta in an tashi, kuma ku mayar wa masu su cikin mako guda.