Yadda za ka haɗa ZIF-67 a lab, ka kuma gane ko shi ɗin ne ka haɗa

Ƴan kemistiri masu firojet a kan kobalt, musamman ƴan masta da supabaisa ya ce musu "je ka haɗa folimar haɗaka", ga hanyar da nake bi. Na zaɓi ZIF-67 ne don shi ne mafi sauƙin kai a cikin danginsa, haɗa shi ba ya buƙatar ɗumamawa, kayan haɗinsa uku ne kacal, kuma an san tsarin kiristal ɗinsa sarai, kenan kana da abin da za ka gwada naka da shi.

Da farko mene ne abin ma. Ka ɗauki ƙwayar kobalt a matsayin ƙulli, ka ɗauki wani sinadari mai hannu biyu a matsayin zare, hannu ɗaya ya kama wannan kobalt ɗin ɗaya hannun ya kama na gaba, haka abin zai yi ta tafiya kamar saƙar raga ba iyaka. Wannan shi ne folimar haɗaka. Wani saƙar takan tafi a miƙe kamar igiya, wani ta shimfiɗu kamar tabarma, wani kuma ta tashi ta kowane ɓangare ta bar ramuka a ciki, to ZIF-67 na ukun ne. Zaren nasa 2-metilimidazol ne, a takarda ana rubuta shi Hmim, zobe ne mai kusurwa biyar da naitirojin guda biyu, su ne hannayen. Ƙungiyar Omar Yaghi ce ta fitar da shi a 2008 lokacin yana jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis, bayan ɗan'uwansa ZIF-8 na zink da ya fito a 2006. Yaghi ɗin nan haifaffen Amman ne ta Jodan, kuma a 2025 shi da Susumu Kitagawa na Japan da Richard Robson na Melbon suka raba kyautar Nobel ta kemistiri a kan irin waɗannan ragogi. To ba ƙaramin gida ka shiga ba.

Kayan aiki: kobalt naitiret mai ruwa shida, Co(NO3)2·6H2O, nauyin mol ɗinsa 291.03, sai Hmim mai nauyin 82.10, sai metanol. Bika biyu, sikeli mai karanta lamba huɗu bayan ɗigo, sentirifuj, kwalba mai murfi. Kobalt naitiret yana shan raɓar iska sosai, idan ka buɗe robar ka ga ya jiƙe ya dunƙule kamar sukarin da damina ta taɓa to awonka ba zai yi daidai ba, nemi wani. Safar hannu da tabarau dole ne, gishirin kobalt guba ne kuma ana zarginsa da jawo kansa, metanol kuwa yana makantarwa, don Allah kar wani ya zuƙe shi da baki a fifet kamar yadda na ga wasu ƴan aji biyu suna yi.

Ka auna giram 0.291 na kobalt ɗin, wato milimol 1, ka narkar a mil 25 na metanol. Zai ba ka ruwan hoda garau. A ɗaya bikar ka auna giram 0.328 na Hmim, milimol 4, shi ma a mil 25 na metanol, wannan fari tas kamar ruwa. Ka tabbata kowanne ya narke babu ko tsaki a ƙasa. Sai ka juye na Hmim a cikin na kobalt lokaci guda kana juyawa, minti ɗaya ya isa. Nan take za ka ga ruwan hodar nan ya rikiɗe ya koma shunayya mai duhu, ranar farko da na gani sai da na kira na kusa da ni ya zo ya gani. Ka rufe, ka ajiye a inda ba mai taɓawa, awa 24, ba juyawa ba girgizawa.

Canjin launin nan ba ado ba ne, labari yake ba ka. Kobalt mai caji biyu idan abubuwa shida suka kewaye shi ruwan hoda yake, idan suka koma huɗu sai ya yi shuɗi ko shunayya kuma launin ya yi ƙarfi sosai. Irin abin da ke faruwa ne da silika jel mai shuɗi da ake zubawa a desiketa, yana shan ruwa sai ya koma ruwan hoda, kobalt kulorayid ne a cikinsa. To a bikarka kobalt ya saki ruwa da metanol ɗin da ke jikinsa ya kama naitirojin huɗu.

Wani zai ce tunda fomular Co(mim)2 ce, mim ɗin shi ne Hmim da ya saki haidirojin ɗinsa, biyu ake buƙata, me ya sa muka zuba huɗu? Saboda kafin Hmim ya miƙa hannu na biyu sai ya saki haidirojin ɗin da ke kan naitirojin ɗinsa, kuma dole a samu mai karɓa, rarar Hmim ɗin ita ke karɓa. Idan ka yi rowar Hmim asid zai taru aikin ya tsaya. Wasu ma kobalt 1 da Hmim 8 suke yi, ƙwayoyin sukan fi ƙanƙanta.

Nan ne kuma yanayinmu yake shigowa. Takardun Turai da Sin idan suka ce zafin ɗaki suna nufin wajen digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu lab ba fanka ba wuta sai ya doshi 40, metanol kuma a wajen 65 yake tafasa. Na taɓa rufe bika da takardar foyil kawai na tafi gida ranar Alhamis, ban dawo ba sai Asabar, na tarar ruwan ya ƙafe saura kaɗan, abin ya manne a bango kamar ƙanzo. Tun daga nan kwalba mai murfin murɗawa nake amfani da ita, kuma ina rubuta zafin ɗakin a littafina kullum.

Bayan awa 24 ɗin za ka ga gari ya kwanta a ƙasa. Ka zuba a tub ka juya a sentirifuj minti 5 zuwa 10, ka tsiyaye ruwan sama, ka zuba sabon metanol ka girgiza ka sake juyawa, sau uku ko har ruwan ya daina fita da launi. Takardar tacewa ba ta cika kama shi ba don ƙwayoyin ƙanana ne, daga ɗaruruwan nanomita zuwa wajen maikiron ɗaya, sai ka ga rabin kayanka ya bi ruwa. Ka busar a oben a digiri 60 ya kwana. Lissafi ya ce milimol 1 zai ba da giram 0.221 in komai ya haɗu, amma a metanol ba ka samun ko kusa, kar hankalinka ya tashi, idan kana son da yawa ka ninka awon.

Akwai hanyar ruwa zalla ga wanda metanol ya yi wa tsada, an wallafa ta a 2012: giram 0.45 na kobalt naitiret a mil 3 na ruwa, giram 5.5 na Hmim a mil 20, a haɗa a juya awa 6. Ka ga uban Hmim ɗin da take ci, sama da ninki 40 na kobalt ɗin a lissafin mol, to tsadar ta dawo ta bayan gida. Kuma in ka rage shi a ruwa zuwa 1 da 8 wani abu daban kake samu, ZIF-L, mai siffar ganye, fale-fale, in ka ƙara ragewa kobalt haidiroksayid ya shigo. Abin haushin shi ne ZIF-L ɗin ma shunayya ne.

Wannan shi ne abin da nake ta faɗa wa ƙannenmu har bakina ya gaji: shunayya ba shaida ba ce. Launi ya gaya maka kobalt yana da maƙwabta huɗu, bai gaya maka yadda aka saƙa ragar ba. Na ga wanda ya rubuta babi guda a kan "ZIF-67" ɗinsa da hoton gari a faranti da FTIR kawai, ranar difens aka tambaye shi ina XRD, ya yi tsuru-tsuru. FTIR, wato gwajin hasken infirared da ke nuna irin haɗin da ke tsakanin atom, yana taimakawa, za ka ga faffaɗan tudun N-H na Hmim ya ɓace, sabon layi ya fito wajen 425 cm⁻¹ wanda na Co-N ne, wato haɗin kobalt da naitirojin, amma ZIF-L ma zai nuna maka Co-N ɗin. Mai raba gardama shi ne XRD, wato haska garin da ka haɗa da eksire.

Kafin ka kai samfur, ka san me kake nema. Tsarin ZIF-67 kubik ne, rukunin sararinsa I-43m, tsawon gefen ɗaki guda, wato ƙaramin akwatin da ke maimaituwa a kiristal ɗin, wajen angistirom 16.96 (angistirom 10 ne nanomita 1). Kowane kobalt yana tsakiyar naitirojin huɗu, ka kwatanta duwatsun murhu uku a ƙasa da tukunya a sama, shi yana tsakiya, nisan Co-N kusan angistirom 2. Kowane zoben imidazol yana haɗa kobalt biyu da lanƙwasa ta kusan digiri 145, daidai da kusurwar Si-O-Si a ziyolayit, wani ma'adini mai ramuka, daga nan sunan ZIF (zeolitic imidazolate framework) ya samo asali. Ragar da ke fitowa irin ta ma'adinin sodalayit ce: keji mai tagogi 14, shida masu kusurwa huɗu, takwas masu kusurwa shida, kobalt 24 a kusurwoyinsa, kowane ɗaki yana da kobalt 12. Cikin kejin faɗinsa wajen angistirom 11.6 amma ƙofar shiga 3.4 ce kawai, kamar tulu, ciki fal baki tsuke. Shi ya sa giram ɗaya yake da faɗin fili sama da murabba'in mita 1000, kuma shi ya sa ake gwada shi wajen riƙe iskar gas da tace ta.

A injin eksire mai bututun jan ƙarfe, tsawon zango (λ) angistirom 1.5406, layukan da za ka gani a 2θ, wato kusurwar da injin ke karantawa da digiri, su ne wajen 7.3, 10.4, 12.7, 14.7, 16.4 da 18.0, na farkon shi ne mafi tsayi nesa ba kusa ba. Ka gwada da kanka da dokar Bragg: 16.96 a raba da tushen 2 ya ba ka 11.99, shi ne d, tazarar jeren atom na layin farko, ka saka a λ = 2d sinθ, za ka samu 2θ kusan 7.4. Ka gaya wa mai injin ya fara daga digiri 5. Wannan na biya kuɗin koyonsa, na tura samfur wani gari na jira sati uku, sakamako ya dawo an fara daga digiri 10 kamar yadda suka saba yi wa masu ƙasa da siminti, babban layin nawa gaba ɗaya ba ya ciki, sai da na sake biya. Abu na biyu, kobalt yana ƙyalli idan hasken jan ƙarfe ya doke shi, sai ƙasan zanen ya ɗaga ya yi hayaniya, ba laifin samfurinka ba ne, a rage saurin karatun ko a yi amfani da abin tace hasken in injin yana da shi. Sannan ka sauko da fayil ɗin CIF na ZIF-67, mai ɗauke da bayanan tsarin kiristal ɗin, daga rumbun CCDC na Kambirij, ka buɗe a manhajar Mercury, zai zana maka yadda layukan ya kamata su kasance, ka ɗora naka a kai. In sun hau kan juna babu baƙon layi, yanzu ka iya cewa ka haɗa shi.

Amma lura, wannan tabbatarwa ce, ba warware tsari ba. In supabaisa yana son tsarin kiristal na gaske, ko ka canza zaren ka samu sabon abu, sai ka samu ƙwaya ɗaya tal mai girman wajen milimita 0.1, garin metanol ɗin nan ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Dabarar ita ce a rage gudun haɗuwar. Ko dai ka narkar da kobalt ɗin da Hmim a DMF, wato daimetilfomamid, ka rufe a tukunyar ƙarfe mai cikin Teflon ka sa a oben a digiri 100 zuwa 140 kwana ɗaya zuwa uku sannan ka bari ya huce a hankali, ko ka yi hawa-hawa a siririn tub, ruwan kobalt a ƙasa, zallan metanol a tsakiya, na Hmim a sama ka zuba a hankali ta jikin gilas, ka manta da shi sati ɗaya ko biyu. Tukunyar kar ka cika ta fiye da biyu bisa uku, kar ka buɗe ta da zafi, DMF kuma yana taɓa hanta, a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi ake aikinsa. In wutarku ba ta tsayawa hanyar tub ta fi maka, oben da ke mutuwa yana tashi ba ya haifar da kiristal mai kyau.

A madubin ƙara girma ka nemi wadda gefunanta suka fita tsaf, ZIF-67 yakan fito da fuska 12 kowacce kamar daimon ɗin kati. Kar ka busar da su, ka tura su a cikin ruwan da suka girma, don wasu folimomin da zarar ruwan ramukansu ya fita sai su tsattsage. Injin eksire na ƙwaya ɗaya ba ko'ina ake samunsa ba, yawanci sai an haɗa kai da wani lab a waje, ka fara neman wanda zai karɓa tun kafin kiristal ɗin ya fito. Idan bayanai suka dawo, manhajar Olex2 kyauta ce, a cikinta SHELXT zai nemo maka inda atom suke, SHELXL ya gyara, kobalt zai fara bayyana don shi ne mai nauyi, sai naitirojin da kabon. Ruwan da ke cikin kejin yawanci a hargitse yake ba ya zama wuri ɗaya, ana cire shi da SQUEEZE na PLATON, amma ka rubuta cewa ka yi hakan. R1, wato lambar da ke nuna bambancin tsarinka da bayanan injin, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari abu ne mai kyau, sannan ka wuce da fayil ɗin ta checkCIF ka amsa duk jan gargaɗin da ya fito.

Garin da ya rage ka zuba a kwalba mai murfi ka sa a desiketa. ZIF-67 bai kai ZIF-8 juriyar ruwa ba, in ya daɗe a ruwa yana lalacewa, asid kuwa nan take yake narkar da shi ya koma ruwan hoda, in ka ƙona shi a iska sama da digiri 350 kuma baƙin Co3O4 za ka kwasa. In za a auna faɗin filinsa sai an fara zuƙe iskar ramukan a wajen digiri 100 zuwa 150 na wasu awanni. Ruwan wankin kuma akwai kobalt a ciki, a tara shi a jarkar shara mai lakabi, kar a tuttular a sink.