Yadda Za Ka Gane Mai Nakasar Aro Kafin Ya Ɗauke Lambar Wani

Na daɗe ina horar da 'yan wasa masu nakasa, na kuma ga yaran da suka yi shekaru suna zufa, wani mai ɗingishin aro ya zo ya kwashe musu lamba. Idan an ɗora maka shirya gasa ko tantance 'yan wasa, wato raba su rukuni-rukuni gwargwadon nakasarsu, ga yadda nake bi.

Ka fara da takardu, amma kada sa hannun likita ya rufe maka ido. A gasar Olamfik ta nakasassu da aka yi a Sidni a 2000, tawagar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinare a rukunin masu raunin ƙwaƙwalwa, alhali 10 cikin 'yan wasanta 12 lafiyarsu ƙalau. Ɗaya daga cikinsu, ɗan jarida Carlos Ribagorda, shi ya fasa ƙwai. Abin da ya biyo baya ya fi ciwo: aka cire rukunin dungurungum, sai a Landan a 2012 aka dawo da shi. Waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba, su suka zauna a gida shekara 12. Saboda haka ka nemi ainihin sakamakon gwaji, hoton ƙashi ne ko awon ido, da tarihin yadda larurar ta faro. Ka tuntuɓi asibitin da kanka.

A ɗakin tantancewa kada mutum ɗaya ya yanke hukunci. A samu aƙalla biyu, ɗaya masanin jiki, ɗaya masanin wasan. Nan ne nake ɓata lokaci, da gangan. Ka gwada abu ɗaya ta hanyoyi uku. Wanda ya ce hannunsa ba ya wuce kafaɗa, ka rubuta, ka shiga wata hira, can ka ce ya cire rigarsa ko ya ɗauko jakarsa daga sama. Tsokar da ta mutu halinta ɗaya safe da yamma, amma mai kwaikwayo yakan manta iyakar da ya nuna ɗazu. Akwai kuma masu gajiyar da kansu kafin gwaji, ko su jiƙa jiki da ruwan sanyi don gaɓoɓi su sandare. In ka taɓa fata ka ji ta yi ƙanƙara, ko ɗan wasa ya shigo yana haki, ɗage gwajin zuwa gobe.

Sai fili. Kada ka tabbatar wa sabon ɗan wasa rukuninsa sai ka gan shi yana neman nasara, domin mai son lamba ba ya iya rage ƙarfi a lokacin. Vinod Kumar na Indiya ya zo na uku a jifan faifai a rukunin F52 na masu jifa daga zaune, a Tokiyo a 2021, aka soke sakamakon, a 2022 aka dakatar da shi shekara biyu saboda abin da ya yi a fili ya saɓa wa abin da ya nuna a gwaji. Ka ɗauki bidiyo, har da lokacin ɗumama jiki.

Ga gargaɗina, kuma a nan na taɓa yin kuskure na ji kunya. Ganin mai keken guragu ya miƙe ya yi taku biyar ba hujja ba ce, da yawansu suna iyawa. Mai raunin gani yana duba waya. Wasu larurorin yau da sauƙi, gobe da tsanani. Wani kuma horo ne kawai ya gyara shi. In ka yi zargi, rubuta ƙorafi ga masu tantancewa, kada ka kai Facebook.

Ka kuma sa ido kan manya, don da wuya yaro ya koyi wannan shi kaɗai. A shari'ar Sifaniya, tsohon shugaban hukumar wasannin masu raunin ƙwaƙwalwa ta ƙasar, Fernando Martín Vicente, kotu ta kama da laifi a 2013, ta ci shi tarar yuro 5,400, ta kuma ce ya mayar da kuɗin tallafin da aka karɓa.