Yadda ake samun mai tsaya wa miji ko mata a bizar Amurka alhali ana jinyar iyaye

Wadda take jinyar mahaifiya ta san yadda aiki yake zamewa daga hannun mutum a hankali. Yau an rage awoyi saboda zuwa asibiti, gobe an bar aikin dare saboda ba mai kwana da ita, kafin shekara ta zagayo albashi ya koma rabi. Idan kuma a wannan halin ne kike neman kawo mijinki Amurka, sai ki tarar da wata takarda tana jiranki, fom I-864, tana tambayar nawa kike samu. Mata da yawa a nan gwiwarsu take sanyi, su ɗauka jinya ta rufe musu ƙofa. Ba ta rufe ba. Dokar da kanta ta tanadi hanyoyi ga wanda samunsa bai kai ba, sai dai kowace hanya tana da sharaɗinta, kuma mafi sauƙinsu a takarda ita ce mafi nauyi a zumunci.

Zan yi magana da mace a nan, don galibi jinya a kanta take faɗawa, amma hukuncin ɗaya ne ga namijin da yake neman kawo matarsa.

Na farko: ki san abin da takardar take nufi

Bayan hukumar shige da fice ta USCIS ta amince da fom I-130, wanda yake tabbatar da auren, sai a miƙa fayil ɗin ga cibiyar biza ta ƙasa, NVC. A nan ake neman I-864. Asalinsa wata doka ce ta 1996, kuma yarjejeniya ce tsakaninki da gwamnatin Amurka cewa mijinki ba zai zama nauyi a kan baitulmali ba. Dole ki cike shi ko da ba ki da ko sisi, ko da kuma kin samu attajirin da zai tsaya muku. Naki daban, nasa daban.

Na biyu: ƙirga mutanen gidanki kafin ki ƙirga kuɗi

Abin da ake nema shi ne samunki na shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na mizanin talauci na tarayya, gwargwadon yawan mutanen gidanki. Sojan da yake bakin aiki kuma yake neman matarsa ko ɗansa, kashi 100 ake nema daga gare shi. A jadawalin 2025, a yawancin jihohi, gida mai mutum biyu dala 26,437 ne, mai uku 33,312, mai huɗu 40,187. Alaska da Hawayi nasu ya fi haka. Kowace shekara ana sabunta adadin, ana buga shi a fom I-864P, saboda haka ki duba na shekarar da kike ciki.

Ga inda masu jinya suke tuntuɓe. Kina lissafin ke da mijinki, mutum biyu. To amma idan kin sanya mahaifiyarki a takardar harajinki a matsayin wadda kike ɗauke da nauyinta, ta shiga lissafi, kun zama uku. Haka 'ya'yanki da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, haka duk wanda kika taɓa tsaya wa da irin wannan takarda kuma alkawarin bai ƙare ba. Bambancin mutum ɗaya kusan dala dubu bakwai ne. Ki ɗauko takardar harajin bara ki duba sunayen da suke ciki da idonki, kada ki dogara da abin da kike tunawa.

Na uku: tattara duk abin da ya halatta a ƙirga

Kafin ki ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ki zauna da alƙalami. Ki ture kwalaben magani da takardun likita gefe ɗaya na teburin, ki shimfiɗa takardun albashi da na banki a ɗaya gefen, ki ga inda kike. Sau da yawa giɓin bai kai yadda tsoro yake nuna shi ba.

Ana duba abin da kike samu yanzu, ba na bara kaɗai ba. Idan bara kin yi wata takwas ba aiki, amma yanzu kin koma, ki haɗa takardun albashi na watannin baya da wasiƙar wurin aiki mai nuna ranar da kika fara da abin da ake biyanki. Idan jiharku tana biyanki don kula da mahaifiyarki a gida, kamar shirin IHSS na Kalifoniya ko CDPAP na jihar Niyok, ki lura da abu ɗaya: a ƙarƙashin wata sanarwar hukumar haraji ta 2014, irin wannan kuɗin sau da yawa ba a ɗora masa haraji idan gida ɗaya kuke zaune, don haka yana iya ƙin bayyana a jimillar samunki na takardar haraji. Mai duba fayil zai ga ƙaramin adadi ko sifili. Ke ce za ki nuna masa, da takardun biya da ɗan gajeren bayani a rubuce.

Tallafin da ake bai wa marasa ƙarfi, irin su SSI da taimakon abinci na SNAP, ba ya shiga lissafi. Amma kuɗin fansho yana shiga. Wannan ya kawo mu ga fom I-864A: ɗan uwa na jini da yake zaune gida ɗaya da ke, uwa ko uba ko ɗa ko 'ya baligai ko wa ko ƙani ko ya ko ƙanwa, yana iya haɗa samunsa da naki. Ke nan fanshon mahaifiyarki zai iya cike giɓin. Sai dai ni a ganina a yi taka-tsantsan a nan. Sa hannunta yana ɗora mata alhaki iri ɗaya da naki, kuma idan ciwon ya taɓa hankalinta har ba ta gane abin da take sa wa hannu, bai kamata a riƙe mata alƙalami ba. Ki bar wannan hanyar.

Sai dukiya. Kuɗin ajiya, hannun jari, da abin da ya rage na darajar gida bayan an cire bashinsa, duk suna iya tsayawa a madadin albashi, muddin za a iya mayar da su kuɗi cikin shekara guda ba tare da an shiga ƙunci ba. Idan ke 'yar ƙasar Amurka ce, sai dukiyar ta ninka giɓin sau uku. Idan katin zama na dindindin gare ki, sau biyar. A ce ku uku ne, samunki dala 24,000. Giɓin 9,312 ke nan, sai ki nuna dukiyar dala 27,936, ko 46,560 idan ba ki zama 'yar ƙasa ba. Dukiyar mijinki ma ana ƙirgawa. Mota kuwa ba ta shiga sai in kina da fiye da ɗaya.

Na huɗu: idan kin bar Amurka don jinya

Wannan matakin gajere ne amma ya kayar da mutane da dama. Doka ta ce mai neman biza ga mijinta sai mazauninta ya kasance a Amurka. Idan kin tafi wata ƙasa kin yi shekara biyu a gefen gadon mahaifinki, za a tambaye ki shaida cewa tafiyar ta wucin gadi ce, ko kuma kina shirin komawa kafin mijinki ya shiga ko tare da shi. Asusun banki mai aiki, takardun haraji, rajistar zaɓe, yarjejeniyar haya, tayin aiki, rajistar yara a makaranta, duk suna taimakawa. Mai tsaya muku da kuɗi ba ya gyara wannan, naki ne ke kaɗai. Kuma ɗan ƙasar Amurka yana miƙa bayanin haraji ko a ina yake zaune. Idan akwai shekarun da ya wajaba ki miƙa ba ki miƙa ba, ki gyara tun yanzu. Idan kuma samunki bai kai a wajabta miki ba, ki rubuta bayanin haka ki haɗa.

Na biyar: neman mai lamuni na biyu

Idan duk an tattara bai kai ba, sai a nemi wanda zai tsaya. Ba dole ya zama ɗan uwa ba. Sharuɗɗansa: ya kai shekara 18, ya zama ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, mazauninsa a Amurka, kuma samunsa shi kaɗai ya ishi gidansa har da mijinki a kai. Ba a haɗa rabin naki da rabin nasa. Kawunki mai mata da 'ya'ya biyu, idan aka ƙara mijinki sun zama biyar, sai ya nuna dala 47,062 a lissafin 2025. Idan sai an haɗa da albashin matarsa zai kai, ita ma za ta sa hannu a I-864A, don haka maganar ba ta shi kaɗai ba ce. Wannan ya sa wani lokaci ƙawarki ma'aikaciyar jinya da ba ta da iyali ta fi babban ɗan kasuwa mai 'ya'ya shida dacewa, musamman idan takardar harajinsa tana nuna riba kaɗan bayan an cire kuɗaɗen da ya kashe.

Ki fara da 'yan uwanki na ciki ɗaya. Idan ke ce kika ajiye aiki kika rungumi jinyar da ta rataya a wuyan kowa, ba roƙo kike yi ba idan kin ce wa yayanki ya tsaya wa mijinki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma zuwan mijin nan sauƙi ne ga gidan gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Kada ki ce wa mutum "sa hannu ne kawai". Ba sa hannu ne kawai ba. Wanda ya tsaya ya ɗauki alkawarin cewa mijinki ba zai faɗi ƙasa da wancan mizanin ba. Idan mijin ya karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati, hukumar da ta bayar tana iya bin mai lamuni ya biya. Shi kansa mijin yana da ikon kai ƙara kotu ya nemi a ciyar da shi. Galibi alkawarin ba ya ƙarewa sai ɗayan waɗannan ya faru: mijin ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara zango 40 na aiki, wato kimanin shekara goma, ko ya rasa izinin zamansa ya bar ƙasar, ko shi ko mai lamunin ya rasu. Saki ba ya warware shi. Ko aure ya mutu, Allah ya kiyaye, takardar tana nan da ranta. Kuma duk lokacin da mai lamuni ya canza gida, sai ya sanar cikin kwana 30 da fom I-865.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki je da kanki idan da hali, ba ta saƙon waya ba, ki tafi da takardar a hannu. Bayan gaisuwa ki ce: "Kawu, wata alfarma na zo nema, amma ina so ku ji nauyinta kafin ku amsa. Jinyar Mama ta sa albashina bai kai abin da ake nema ba. Idan kun tsaya mana, ga abin da doka za ta ɗora muku, ga kuma yadda muka tsara: ga aikin da yake iyawa, ga inda zai zauna, ga lokacin da zai iya neman zama ɗan ƙasa. Ku yi shawara da Anti, ba sai yau ba." Mijin 'yar ƙasa yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara uku da samun katin zama idan auren yana nan kuma suna tare, kuma jin wannan yana kwantar wa mutane hankali ƙwarai. Idan ya ce a'a, ki yi godiya ki tashi da fara'a. Wataƙila ya riga ya tsaya wa wasu, wataƙila ba ya son a ga takardun harajinsa, kuma ba dole ya faɗa miki dalili ba.

Akwai masu tallata kansu a intanet cewa za su tsaya wa kowa idan an biya su. Ki nisance su. Takardar nan rantsuwa ce, jami'in biza yana iya tambayar mijinki wane ne wannan mutumin kuma me ya haɗa ku, sannan ba ki san mutum nawa ya riga ya sa wa hannu ya ɓoye ba. Idan takardunsa na bogi ne, mijinki ne zai kwana a ciki. Taimakon shari'a mai rahusa yana samuwa a ƙungiyoyin sa-kai da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta amince wa wakilansu su yi aikin shige da fice.

Na shida: haɗa takardu, kuma kada fayil ya yi barci

Daga mai lamuni ana bukatar I-864 nasa da sa hannu, shaidar zama ɗan ƙasa ko katin zama, bayanin harajin shekarar da ta gabata, da shaidar samunsa na yanzu. Kwafin da ake saukewa kyauta daga shafin hukumar haraji ta IRS ya fi sauƙi, don ba ya bukatar a haɗa masa wasu takardu da yawa. Idan yana jin nauyin ki ga sirrin samunsa, ki ba shi zaɓin ya bi ta hannun lauya. Ana ɗora komai a CEAC, shafin intanet da ake miƙa takardun biza ta cikinsa, kuma idan jami'i ya ga wani abu bai cika ba a ranar ganawa, yakan dakatar da bizar a ƙarƙashin sashe na 221(g) har a kawo.

Jinya tana cinye watanni ba a sani ba. Idan aka yi shekara guda ba ki tuntuɓi NVC ba, suna iya fara shirin rufe fayil ɗin. Ki sa tunatarwa a wayarki duk bayan 'yan watanni, ki aika musu saƙo ta shafinsu ko da babu sabon abu. Idan kuma jikin Mama ya tsananta har likita ya ce rai yana cikin haɗari, ana iya roƙon a hanzarta fayil ɗin. Ki nemi likitan ya rubuta wasiƙa mai bayyana halin da take ciki da lambar da za a same shi, ki haɗa da lambar fayil ɗinku ki aika.