Kafin ka ɗauki firinta mai rangwame

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya ga firintar nan mai bugawa da kwafi da sikanin an karya mata farashi, don Allah ya fara tambayar kuɗin tawadarta. Ni na saya da murna, ban cika wata guda ba tawadar ta ƙare, domin wadda ke zuwa cikin kwali 'yar kaɗan ce. Da na ji kuɗin sabuwa sai jikina ya yi sanyi. In kana buga takardu da yawa, gara mai tankin tawada, irin Epson EcoTank ko Canon PIXMA G, ko da ta fi tsada.

In daga Amurka aka kawo ta, duba bayanta tukuna. Wasu wuta mai ƙarfin volt 110 kawai suke ɗauka, tamu kuwa 230 ce.

Wajen haɗawa da Wi-Fi ne na sha wahala. A siginar Wi-Fi akwai mai 2.4GHz, akwai mai 5GHz, amma yawancin firintoci masu araha 2.4GHz kaɗai suke gani, ba sa ganin 5GHz. Ka sa wayarka da firintar a kan 2.4 ɗin, sannan ka sauke manhajar kamfanin ta ja ka har ƙarshe.

Buga ko shafi ɗaya ne duk mako don kada tawada ta bushe, ka kuma rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura.