Yadda za ki sauke riƙo kafin ya hau miki jini

Shekarar da kuɗin adashina suka maƙale a hannun wata 'yar'uwa a zumuntar mata, ban ce wa kowa uffan ba. Ranar Lahadi in ɗaura kallabin zumunta, in rera waƙa da ƙarfi, ita kuma tana gabana tana buga tulu. Mu gaisa har da tambayar yara. Da dare kuwa idona biyu har carar zakara, ƙeyata kamar an aza mini dutsen niƙa. Da na je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta auna ni sau biyu, ta cire abin awon ta ce, "Mama, me kike sa wa a ranki haka?"

Ki fara da awo, tun kafin ki nemi fasto. Hawan jini sau da yawa ba ya sallama, kuma ciwon kai ba ma'auni ba ne. Idan awonki yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, maganar ta zama ta likita. Ki zauna ki huta minti biyar kafin a auna, ki rubuta lambar da kwanan wata a bayan littafin waƙoƙinki, wurin da ba zai ɓace ba.

Ga yadda ɓacin rai ke shiga jini. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke sakin sinadaran adirenalin da kotisol idan mutum ya tsorata ko ya fusata. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru. Allah ya shirya wannan domin ranar da kika yi kiciɓis da maciji a gona, na 'yan mintuna ne. Mai riƙo kuwa kullum tana kwana da macijin a ɗaki. Ni duk sanda na ji ƙarar tulun nan sai gabana ya faɗi. Karin Magana 14:30 ta ce kwanciyar rai takan ba jiki rai, kishi kuwa yakan ruɓar da ƙashi. Na sha karanta ayar a matsayin kwatanci, sai da ta same ni a jiki.

Amma kada ki ɗora wa zuciya kowace cuta. Mun daɗe muna cewa tunani ke kawo gyambon ciki, alhali mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori, ko yawan shan magungunan kashe ciwo. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun sami kyautar Nobel a 2005 saboda gano haka. Ran da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Saboda haka idan an rubuta miki magani ki sha, kada ki zubar da shi don kin dawo daga addu'ar dare da ƙarfin gwiwa. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Gishiri kuma ki rage, kada ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Sai ci da barci. Iliya ya zauna ƙarƙashin itace a jeji yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya. Maganar Allah da shi ta biyo baya, a dutsen Horeb. Ki ci tuwonki, ki kashe waya da wuri. In kina shan maganin hawan jini ko na sukari, ki tambayi likita kafin ki shiga dogon azumi.

Wurin da na fi shan wuya shi ne faɗar abin da bakina. Dawuda ya ce a Zabura 32 sa'ad da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace. Na ɗauki takarda na rubuta abin da ya faru: nawa ne, yaushe, wa ya ce me. A nan na gane ba kuɗin ne ke cina ba, abin da ta gaya wa mutane ne, wai an riga an biya ni. Ki rubuta naki haka, sa'an nan ki kai shi gaban Ubangiji da sunan mutumin, ba "masu ƙina" a dunƙule ba. Bayan haka ki gaya wa mutum ɗaya mai riƙe sirri. Ɗaya na ce. In sun kai biyar, gulma ce aka sa mata rigar "ku taya ni addu'a".

Daga nan ki je wurin wadda ta ɓata miki rai. Matiyu 18:15 ta ce tsakaninki da ita kaɗai. Ba a harabar majami'a ba, inda kowa ya baza kunne; gidanta za ki je, da hantsi, bayan kin karya. Ki faɗi abin da ke takardar, kada ki tono na shekara goma. Yafewa ba ta hana ki tambayi kuɗinki. Idan kuwa wanda ya ɓata miki rai mai ɗaga hannu ne, kada ki je ke kaɗai, ki tafi da dattijon ikilisiya ko wani naki. In kuma baƙin cikin ya wuce mako biyu, abinci ba daɗi, komai ya fita ranki, ko tunanin mutuwa na zuwa miki, wannan ciwo ne mai magani, ki gaya wa likita a ranar.

Ni da na je, ta yi kuka, na yi kuka, ta biya rabi a hankali cikin wata huɗu, sauran na bar mata. Barcina ya dawo tun kafin kuɗin su fara shigowa. Ƙwayata guda ɗaya har yau ina sha kowace safiya, kuma adashin bana a hannun wata na zuba.